Bayan An Tashi Daga Silima

Ana yayyafi a Seoul da la'asar. Dattijo Pyo Man-su ya fito daga silima, ya fake a tashar bas kusa da wata mata da ita ma daga silimar ta fito, tana ta share hawaye.

"'Yar nan, fim ne fa," in ji shi.

"Fim ɗin ƙarya, Baba. Wane miji ne matarsa za ta bi wani, ta dawo ya buɗe mata ƙofa har ya zuba mata shinkafa?"

"Akwai su."

"Babu! Nawa mijin ta taga ya jefo min kayana. 'Yata tana ta kuka a ciki, ko leƙowa bai bari ta yi ba."

Man-su ya sunkuyar da kai.

"Wataƙila yana tsaye, hannunsa a kan sakata, yana jira ki sake ƙwanƙwasawa."

"Ka san shi ne?"

"A'a. Tawa matar ce ba ta sake ƙwanƙwasawa ba. A kogin Han aka tsinci gawarta. Ke dai koma ki ƙwanƙwasa."

Matar ta ninke hankicinta.

"Ya yi aure, Baba. Wata ce za ta buɗe min."

Bas ta zo ta wuce, babu wanda ya shiga a cikinsu.