Fanka Mai Kukan Mashin

"Mama, mashin ne a cikin akwatin nan?" in ji Yusrah, ta ɓuya bayan uwarta.

A shagon haɗa kwamfuta suke a Jimeta, mai shagon ya kunna fankar wata kwamfuta don gwaji.

"Madam, ƙarfi ke nan! Kwamfuta mai kyau dole ya yi ƙara."

"Kashe ta! Mara ƙara na ce maka. A ɗakin kwananmu zan riƙa buga wa mutane takardu."

"Yarinya zai saba."

"Ta saba? A kan mashina mahara suka shigo mana Madagali! Har yau ko injin markaɗe ta ji, sai fitsari."

Ya zare waya, ya jona wata babbar fanka mai juyawa a hankali.

"Wannan fa, Madam?"

"Ba ni za ka tambaya ba. Sai ta fito daga bayana zan saya."