Tambayar da Auta Ta Yi Mini a Ƙofar Shagon Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na fara da sunan Allah, wanda Ya ba mu aro kuma Ya karɓi abinSa.

Malamanmu da kuka buɗe mana da addu'a, ina gaishe ku. Shugaban unguwa da dattawan da ke tare da shi, ina gaisuwa. Shugaban ƙungiyar kafintoci, sannunku da zuwa. Shugaban ƙungiyar kurame, da abokan Yaya da kuka cika bencin baya, ina gaishe ku ta hannun Malama da ke tsaye kusa da ni. Malama, ki ɗan matsa inda haske yake, su ga hannunki da kyau, in kuma na yi sauri ki taɓa ni. Inna, mahaifiyarmu, Allah Ya ƙara miki haƙuri. Baban Auta da sauran ƙannen marigayi, maza da mata, maƙwabta da abokan arziki, sannunmu da wannan rashi.

Ni matar ƙaninsa ce. Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma saba tsayuwa gaban jama'a ba. An ce ni zan yi magana domin a shekararsa ta ƙarshe ba wanda ya kai ni yawo da shi. In kun ga ina kai da komo, ku yi mini uzuri. Tun da aka yi rasuwar nan zama bai karɓe ni ba.

Ya kasance kurma tun yana ƙarami, bayan wani zazzaɓi da ya yi. Ya kasance kafinta, kuma da wuya a sami gida a layinmu da babu aikin hannunsa a ciki. Bencin da kuke zaune a kai yanzu shi ya haɗa su. Ya kasance in ya ga ƙofar wata tsohuwa ta karkace, ba ya jiran a kira shi, sai dai ta dawo ta tarar ƙofarta na rufuwa, ga ɗan garin katako a ƙasa, mai aikin ya tafi. Ya kasance mai raka 'yan'uwansa kurame duk inda za su, ko ofis ko asibiti, ya zauna da su har a gama, don kada mutum ya yi jira shi kaɗai cikin masu magana. Mun ci moriyarsa, mu duka. Amma maganar da muke yi da shi a gida ba ta wuce zo, tafi, ci abinci, sannu da aiki ba. Da wannan muka zauna da shi shekara da shekaru, muna cewa Yaya ba shi da surutu.

Da Allah Ya ba mu Auta, shi ya fara ganewa. Faranti ya faɗi a bayanta, kowa ya zabura, ita ko gezau. Ya dube ta, ya dube ni, ya ajiye cokalinsa. Likita ya tabbatar mana daga baya. Na yi kuka har na gaji. Shi bai yi kuka ba, ɗaukarta ya yi ya tafi da ita shago, ya ɗora tafin hannunta a kan katako yana buga guduma, tana jin bugun a hannunta tana ƙyalƙyala dariya. Daga nan suka ƙulle. Ya raɗa mata suna da hannu, yatsa ɗaya a kan kumatu, inda yake lotsawa in ta yi murmushi. Su biyu sai su wuni suna hira, mu muna kallo kamar baƙi.

Da ta isa shiga makaranta gida ya rabu biyu. Inna ta ce a sa ta ta bayan layi, inda 'yan'uwanta suke, ta je da ƙafa ta dawo da ƙafa. Babanta ya ji labarin wata mai tsada inda ake koya wa kurame magana da baki. Yaya ya nuna idonsa, ya nuna hanya, wato mu je mu gani.

Mun fara da ta bayan layi. Malamin mutumin kirki ne, ya ce, "Ba komai, Maman Auta, a gaba zan zaunar da ita." Sai Yaya ya kama kafaɗata ya zaunar da ni a bencin gaba, ya ɗauki alli, ya juya mini baya yana rubutu a allo yana motsa baki. Ya juyo ya ɗaga gira, wai me na gane? Ƙeyarsa kawai na gani. Shi ma a irin wannan bencin gaban ya zauna yana yaro, yana kwafar rubutu kamar mai zanen ado, har ya gaji ya daina zuwa.

Ta biyun gini ne mai kyau, har shayi aka kawo mana. Yara sun sa na'ura a kunne, suna kallon madubi suna gwada furta kalma. Ba zan zage su ba, na ga yaran da abin ya yi wa amfani, ni ma zuciyata ta kwaɗaitu. Wace uwa ce ba ta son ta ji 'yarta ta ce Mama? Amma Auta ta ɗaga hannu za ta gaya wa Yaya wani abu, sai malamar ta kama hannun a hankali ta mayar mata kan cinya, ta ce, "A nan ba ma amfani da hannu." Yaya ya miƙe ya bar shayinsa da zafinsa.

Ta ukun, ta kurame masu maganar hannu, tana can ƙarshen gari, sai an shiga mota biyu, an kuma tsallaka babban titi. Fentin bango ya koɗe. An jera kujerun aji kamar bakin kwano, kowane yaro yana ganin fuskar kowa. Mun isa an fito hutu, fili cike da yara, ba ihu, sai hannuwa kamar tsuntsaye sun tashi. Auta, wadda ba ta sakin rigar Yaya ko a gidan biki, ta sake shi ta shige cikinsu. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo da gudu tana kuka, tana nuna wata yarinya. Na tashi a fusace zan je in ji dalili. Na waiga, Yaya na dariya har yana riƙe ciki.

A nan na fara ganin Malamar nan da ke tsaye kusa da ni. Na ce, "Malama, don Allah me yake wa dariya, an sa yarinya kuka?" Ta tambaye shi, ta juyo ita ma tana dariya. Ta ce, "Wai waccan ce ta ce mata takalminta kamar na kakarta. Ya ce ki bar ta, yau an zage ta ta ji. Ya ce shi sai da ya yi gemu kafin a zage shi ya gane." Kafin mu gama magana Auta ta share hawaye ta koma ta rama.

Jama'a, ranar na fara jin maganar Yaya cikakkiya, ta bakin Malama. Ashe mai barkwanci ne. Ashe ya san wanda ke cika gishiri a girki a gidanmu, bai dai sami wanda zai gaya wa ba. Ya ce a gaya mini, "Ƙanwata, nisa ba komai ba ne. Ni zan riƙa kai ta in ɗauko ta, shago ya jira." A mota muna dawowa na kasa daina kallonsa.

Ba a kai ga buɗe makaranta ba ciwo ya kayar da shi a shago. A gadon asibiti hannunsa bai huta ba. Yana ta yi mana magana, yana maimaitawa, yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Mu shida muke tsaye a kansa, alamar ruwa kawai muka gane. Kafin a kira abokinsa ya iso, Allah Ya yi ikonSa. Ko wasiyya ce, ko inda ke masa ciwo yake nuna mana, ko yafiya yake nema, ba mu sani ba, ba kuma za mu taɓa sani ba. Abin da ke hana ni zama ke nan.

Inna, na san abin da ke ranki. Kin ce mini, "Yarinyar da ba ta jin ƙahon mota za ki tsallaka da ita wancan titin? Wa zai kai ta yanzu?" Gaskiyarki ce, ni ma tsoron nake ji. Amma Inna, kina tsaye a bakin gadon nan tare da mu. Baban Auta, kai ma kana nan, kai ka riƙe masa kai. Ina roƙonku a gaban malamai da dattawa, ku bar ni in kai ta inda Yaya ya zaɓa. Ni zan riƙe hannunta a titi. Ranar da na kasa, Baba Ƙarami, ƙanin maigidana, kai da ke fita da mota da safe, ga 'yarka nan. Kuma duk Asabar a makarantar suna koya wa iyaye maganar hannu. Akwai wuri, na gani da idona, har da kujera mai jingina saboda masu ciwon baya, Inna.

Bari in gaya muku dalilin da ya sa ba zan iya jira ba. Tun da aka yi rasuwar, kullum da safe Auta sai ta je ta zauna a ƙofar shago tana jiran a buɗe. Ta ga an cika gida, ta ga ana kuka, ba wanda ya gaya mata komai, domin a gidanmu duka ba mai hannun da zai gaya mata. Jiya na je wurin abokan Yaya suka koya mini, na yi ta maimaitawa a hanya don kada ya zube mini. Yau da safe na durƙusa a gabanta a ƙofar shagon, na gaya mata Yaya ya rasu, ba zai dawo ba. Ta gane. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗaga hannuwanta ta yi mini tambaya. Ta sake yi, a hankali, yadda Yaya yake yi mana. Ban gane ba.

Malama ta ce in kawo ta za ta fassara mini. Na gode mata, amma na ce ta koya mini tukuna. Ni ta tambaya, ni zan ba ta amsa.

Na gode wa duk wanda ya tako, da wanda ya aiko, da wanda ya tsaya mana a asibiti. Abokan Yaya, kada ku ɗauke ƙafa daga gidanmu, yanzu muka fi bukatarku.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa. Kai Ka san abin da ya faɗa a gadon nan, in roƙo ne Ka amsa masa. Ka ba Inna haƙuri, Ka tsare Auta a hanya, Ka sassauta mana yatsunmu mu koya tun da sauran lokaci. Amin.