Gudun Da Za Ka Iya Ciniki A Cikinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro na masu motsa jiki, wanda na ga da mota ya zo. Mai girma likitanmu, da ya hana mu gishiri ya bar mu da salam. Shugabar mata 'yan kasuwa. Shugabannin layin yadi, layin robobi da layinmu na takalma. Sababbin 'yan ƙungiyar sassarfa, masu takalman da ba su taɓa taka ƙasa ba sai yau. Iyayena, yayyena da ƙannena: ina gaishe ku gaisuwar ɗan kasuwa, wadda babu ragi a cikinta.

Ina gode wa Allah da ya tsayar da ni a gabanku da ƙafafuna, ba a ɗauko ni ba. Ina gode muku da kuka zaɓe ni in yi wa sababbi bayanin yadda ake gudu, ko da yake na san dalili: duk kasuwar nan babu wanda ya kai ni shan kunya a kansa.

Ga yadda aka fara. Bara likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce jinina ya hau hawan da ko farashi bai taɓa yi ba. Ya ce in riƙa ɗan gudu kullum, in dawo bayan wata uku. Maiɗakina tana wajen, ta ƙara nata hukuncin: in jinin bai sauka ba, in zauna a gida, makullin shago ya koma hannun ƙanenta. Jama'a, ga shi can a layi na uku yana murmushi. Mutumin kirki ne, amma in mai saye ya taya, tun bai rufe baki ba ya ce an sallama. Shagon da na shekara ashirin da shida ina ginawa!

Magana ta farko: ku manta da gudun da kuka sani. Mu 'yan kasuwa gudu biyu muka iya, na bin ɓarawo da na tsere wa gobara. Ranar farko, da safe ana buɗe shaguna, na ɗaure takalmi na zura a guje ta tsakiyar layi. Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Mahauci ya fito da wuƙarsa. Wani ya ce, "Ɓarawo ne!" Na waiga, na ga mutane kusan arba'in sun taho a guje. To, a kasuwa in ka ga ana gudu ba ka tsayawa tambaya, sai na ƙara wuta. Su suna zaton ɓarawo nake bi, ni ina zaton masifa ce ta koro su. A gaban mai faci ƙafafuna suka ce sun tashi aiki, na zube kan tsofaffin tayoyi. Mahauci ya tsaya a kaina yana haki, ya ce, "Ta ina ya bi?" Babu iskar magana, sai na nuna ƙirjina. Ya ce, "La ilaha! A ƙirji ya naushe ka?" Ina nan kwance sai ga ƙanen maiɗakina ya miƙo hannu, cikin ladabi, ya ce, "Yaya, kawo makullin in riƙe maka, kada ya faɗi."

Magana ta biyu: gudunka shi ne wanda bakinka ke aiki a cikinsa. Wannan a wajen Malama na koya, tsohuwar malamar makaranta da ke zagaya filin ƙwallon bayan kasuwa kowace safiya. Ta gan ni na sake ɗiba a guje, ta ce, "Mai Takalma, wa ka kashe? Zo nan kusa da ni. Takalmi nake so, ka yi mini talla muna tafe. In numfashi ya yanke maka magana, ka rage." Muka kama wata sassarfa wadda, in faɗa muku gaskiya, kaza ta wuce mu da 'ya'yanta. Kunya ta kama ni. Amma na ji kaina ina cewa, "Malama, wannan fata ce zalla, ko ruwa ya gan ta sai ya kauce," har ƙarshe, ban shaƙe ba. Ran nan na zagaya filin sau biyu, na koma shago da ƙafata, na yi ciniki har yamma.

Magana ta uku, ita ce ta fi yi mini ciwo: kada ka ari ƙafar wani. Malama ta karantar da yara shekara talatin, ta san inda ake kama mutum. Muna talla tana tafiya a hankali, da mun zo kan farashi sai ta ƙara sauri. Ni kuma girman kai, yaya za a ce tsohuwa ta tsere mini? Sai in bi ta. Ta taya tayin wulaƙanci, in buɗe baki in ce albarka, babu iska, sai kaina ya riƙa rawa don haki. Ta ce, "Ka gyaɗa kai, ka sallama ke nan." Takalmi ƙafa biyu ta raba ni da su a haka. Rana ta uku da ta ƙara sauri na ƙyale ta ta yi gaba, na tsaya a kan sassarfata, na cika ƙirji, na ɗaga murya yadda har masu ƙwallo suka waigo: "Albarka, Malama!" Ta juyo tana dariya, ta ce, "Yau ka ci jarrabawa."

Da wata uku suka cika, likita ya ɗaura abin awonsa, ya duba, wannan karon sau ɗaya. Ba sai na faɗi sakamako ba. Kun ji wannan ƙarar a aljihuna? Makullin ne. Ƙanena, sai haƙuri, ka sauke hannunka.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba ƙafafunmu haƙuri, ya bar mana numfashin cewa albarka. Allah ya saka wa likita, ya ƙara wa Malama tsawon kwana, ya rage mata wayo. Allah ya mai da kowa gida lafiya, a hankali, kada mahauci ya sake fitowa.

Na gode.