Makin da Na Yaga da Hannuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Sanda, ɗan makiyaya daga wata ruga kusa da Gangara.

Bana na faɗi jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, kuma lissafi ne ya kayar da ni, alhali duk lakol ɗinmu, wato makarantarmu, ba mai kamo ni a lissafi. Da ka nake yinsa, kamar yadda Baffana ke ƙirga garke. A ɗakin jarrabawa na yi aikina a takardar gwaji, na kwafe amsoshi kaɗai tsaf, na yaga takardar.

Makon jiya a kasuwar Agiye wani ɗalibin gari ya nuna mini tsofaffin tambayoyi da takardar rabon maki. Ashe amsa maki kaɗan ce, sauran duk na hanyar da ka bi ne. Wallahi nan na zauna a ƙasa. Shekara huɗu, ba wanda ya taɓa nuna mana wannan takarda.

Baffa ya ce boko ya ishe ni, ya miƙo mini sandar kiwo. Jama'a, da wane baki zan gaya masa amsoshina daidai ne?