Mai Sauraren Teku a Tashar Dogon Dutsi

A tashar Dogon Dutsi, Ishaku na jiran motar Gecheme ta cika, wayar saurare toshe a kunnuwansa. Wani ɗan kasuwa mai ɗangalallen wando ya daɗe yana harararsa, can ya matso.

"Malam, tun ɗazu ka rufe ido kana gyaɗa kai. Mi kake saurare?"

"Teku. A Kotonu nike aiki. Mukan zura na'ura cikin ruwa, mu naɗo sautin a waya, mu nemi ƙarar injin jiragen ɓarayin kifi a ciki."

Ya miƙa masa wayar sauraren. Mutumin ya saurara, ya cire da sauri.

"Wanga ƙas-ƙas awa gugguru a kasko? Faɗi gaskiya, 'yan ruwa kake kira!"

"Jatan lande ne, dubbai, suna ƙyasta hannuwa. Su ke rufe ƙarar injin. Kwana uku ina nema, ban ji ta ba."

"Ƙarya! Ku 'yan lakwal masu karatun boko kun maida bori cikin waya." Amma ya sake maƙala ta a kunne, ya saurara da kyau. "Kai ma ba ka iya ba. Ba a bin mai tsawa, yanzu ya faɗo, yanzu ya wuce. Na ƙasa ake jira, wanda bai sauya taki. Ga shi nan, du-du-du. Haka ake tsinto goge cikin caki, in wasan bori ya yi zafi a garin Lugu."

Ishaku ya karɓa, ya kasa kunne. Injin ne kuwa.

"Malam, ina ka koyi wanga?"

Mutumin ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Babana ne mai gogen. Kuma ni ban faɗi maka komi ba."