Igiyar Injin Ban Ruwa

A bakin shagon makanike, wani dattijo ya tasa tsohon injin ban ruwansa a gaba. Wata mata da ta kawo gyaran janareta ta leƙa.

"Baba, wannan tsatsar! Anya zai tashi kuwa?"

"Shekara tara yana kafe, 'yata. Kwana huɗu ana ɗiga masa mai, yau ya motsa."

"To, a tayar mana mu ji."

"Babu igiyar ja. Ƙanena ya tafi da ita ranar da muka ɓata."

"Igiya kuma? Ga su can rataye a shagon!"

Dattijon ya rage murya. "Na gan su. Amma na aika masa cewa irinta ta ƙare a kasuwa."

Ya sake duban hanya.