Na Tsare Shi Daga Zurfi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Rahila, matar Bitrus, muna zaune a unguwar Boukoki, a Yamai.

Tun ranar da muka sauka Yamai, bayan an karɓi mulkin kai, babban kogin garin, wanda ake kira Isa, ya hana ni sukuni. A ƙauyenmu na ƙasar Maradi gulbi yakan zo da damina ya wuce. Wannan kuwa ba ya tafiya. In na dube shi sai in ƙara riƙe hannun ɗana Iliya, in ce a raina ruwan nan zai ɗauke mini shi, ga uwata nesa.

Aikin bincike ya kawo maigidana. Wani lokotoro, wato likita, ne ke neman sanin hanyar wata cuta, shi kuma Bitrus ya sa dogon takalmin roba yana tsinto masa katantanwa a kwalba. Ni dariya abin ke ba ni, har nakan ce masa, "Baban Iliya, mun baro gona don katantanwa?"

Ya sha faɗa mini, "Kada ki kai yaron nan kogi." Na ɗauka nutsewa yake tsoro, kamar ni. Don haka in na je wanki sai in zaɓar wa Iliya gefe mai ciyawa, inda ruwa ya kwanta, bai kai gwiwarsa ba. Can yake wasa, hankalina kwance.

Wata safiya ya yi fitsari a gindin katanga, na ga ƙasa ta yi ja. Maƙwabciyata Inna Fati ta leƙo, ta yi murmushi. "Yarinya, mene ne na kuka? Ɗanki ya fara zama namiji. Nawa duka haka suka yi."

Na so in yarda da ita. Amma na lura yana cije leɓe in zai yi fitsari, cikin idonsa kuma ya yi fari. Na durƙusa a ɗaki na ce, Ubangiji, ban san komi ba, tsoro kaɗai na iya, ka nuna mini abin yi.

Da Bitrus ya dawo na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "A ina yake wasa?" Da na gaya masa wurin sai ya zauna a kan turmi, ya riƙe kai. Ashe can yake samun katantanwa mafi yawa.

Washegari muka je wurin aikinsu. Lokotoro ya ɗiga fitsarin a gilashi, ya sa ƙarƙashin wani ƙarfe mai madubi, ya ce in duba da kaina. Na kanga ido. Na ga wani abu kamar ƙwayar kankana, da ƙaya a baki. Ya ce ƙwan tsargiya ke nan, daga katantanwa tsutsar ke fitowa ta shiga fatar mutum.

Allurar da ya yi wa yaron tana da ƙarfi ƙwarai. Iliya ya yi ta amai, ya ƙi ko kunu. Matan zumunta suka zo suka kewaye tabarmarsa da addu'a. Ranar da ya ce, "Inna, fura nake so," na fita na duba gindin katanga. Fari tas. Yabo ga Ubangiji!

Yanzu ni ke raka su Bitrus in nuna musu inda mata ke wanki. Na koyi juya ganye in duba bayansa ko akwai katantanwa. Inna Fati ma ta ba ni ƙaramin jikanta na kai shi wurin lokotoro.

Na gode wa Allah da ya warkar da ɗana, ya kuma rage mini tsoro. Ku dogara gare shi. Roƙona ɗaya ne, iyaye mata: in kun ga ja a fitsarin yaro, kada ku yi murna, kada ku ɓoye. Ku zo ku same ni, in raka ku.